Darasi na Tara: Haruffa Masu Kaurin Ƙafa

Ku ɗauki jarida ko kwalin magani ku dubi harafin H da kyau. A wani rubutun, sandunansa biyu a tsaye kawai suke. A wani kuwa, za ku ga ɗan gajeren layi kwance a sama da ƙasan kowace sanda, kamar an sa mata takalmi. Wannan layi shi za mu kira ƙafa. In ƙafar ta yi kauri har ta kusa kamo jikin harafin, bakinta kuma a yanke kamar bulo, to irin haruffan da darasinmu yake magana ke nan.

A Landan aka fara fito da su, wajen 1815, a hannun wani maƙerin haruffan ɗab'i, Vincent Figgins. Lokacin 'yan kasuwa na ta liƙa tallace-tallace a bango, kowa na son a hango nasa tun daga nesa, siraran haruffan littafi kuwa ba za su iya wannan aiki ba. Turawa sun riƙa ce musu "na Masar", alhali ko alaƙa babu. Yayin Masar kawai ake yi a Turai tun da Napoleon, janar ɗin Faransa, ya kai yaƙi can a 1798.

Sunaye uku za ku riƙe cikin ire-iren waɗannan haruffa. Clarendon ya fito a 1845, Rockwell a 1934. Na ukun, Courier, wanda kamfanin IBM ya sa aka zana wa keken rubutu, kusan kowa ya san fuskarsa ko bai san sunansa ba, don da ire-irensa ake buga takardun kotu da na ofis a da. A keken rubutu fili ɗaya ake ba kowane harafi, da siririn i da faffaɗan m. Doguwar ƙafar da aka yi wa i ita ke cike masa gurbi, kada kalma ta yi giɓi.

Ina za ku yi amfani da su? Allon shago, kan rasit, sunan da ke jikin buhu, duk inda ake son 'yan kalmomi su yi tsawa. Amma kada ku cika shafi guda da masu kaurin a ƙaramin rubutu. Cunkushewa suke yi, ido ya gaji tun kafin a kai rabi.

Kafin mai kwamfuta ya buga muku, ku ce ya nuna muku ɓ, ɗ da ƙ a irin da kuka zaɓa, domin wasu ba su da haruffanmu masu lanƙwasa. Mai sayar da garin ƙashi na abincin kaji ya san abin da allonsa zai ce in lanƙwasar ta faɗi.

Aikin gida: ku zana sunan sana'arku sau biyu da manyan baƙaƙe, ɗaya da ƙafa mai kauri, ɗaya babu. Ku jingina takardar a bango, ku ja baya taku ashirin, sannan ku zo aji ku faɗa mana wanne kuka fara karantawa.