Darasi na 12: Albarkatun Ƙasa Masu Ƙarewa

Ku buɗe littafin rubutu, ku fiƙe fensir. Kalmomi uku ne yau: albarkatu, ma'adinai, ƙarewa.

Albarkatun ƙasa su ne abin da Allah ya ajiye mana ba mu muka yi ba, kamar ruwa, daji, hasken rana da ƙasar noma. Wanda ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa shi ne ma'adini, jam'insa ma'adinai. Akwai ɗan waƙafi a sama tsakanin a da a. Ku sa shi.

Ta yaya ake gane mai ƙarewa? Tambaya ɗaya ce: in an ɗebe, zai dawo? Gero yana dawowa kowace damina. Kuza ba ta dawowa. A kewayen Jos har yau ga manyan ramukan da haƙar kuza ta bari, sun cika da ruwa. Haka ɗanyen man da aka fara samu a Najeriya, a garin Oloibiri na Jihar Bayelsa ta yau, a 1956, da yuraniyom ɗin Arlit a Nijar, da zinarin Zamfara. Abin da aka kwashe ya tafi ke nan.

Yanzu ga inda aka fi tuntuɓe. Rubuta k. Koma saman sandarta, ka lanƙwasa ta zuwa dama. Ta zama ƙ. Sake yi. Sannu da ƙoƙari, sake yi kuma, sau biyar. In hannu ya yi rawa ba komai, goge ka sake.

Ba ƙugiya, kalmar "karewa" ce, wato tsarewa. Da ƙugiya ce "ƙarewa". "Haka" daban, "haƙa" daban. "Kasa" daban, "ƙasa" daban. Ku faɗa da baki tukuna, ku ji yadda ƙ ke fitowa daga maƙogwaro, sannan ku rubuta. Malam, duba layinka na biyu. Hajiya, ƙugiyar a sama take, ba a ƙasa ba. Haba jama'a! Wanda ya rubuta "ya kare" ai kare ya kira, mai haushi. Ku sake cika layi uku.

Darasi na 13: Kwal da Gawayi

Gawayi daga itace ake yin sa, itace kuwa ana sake dasawa. Kwal haƙo shi ake yi, kamar na Inugu da aka gano a 1909. Kwal ne mai ƙarewa. Ku rubuta jimla ɗaya da kowanne.

Darasi na 14: Bita

Ku rubuta ma'adinai huɗu. Ku duba ƙugiya.