Yadda ake magance danƙarewar ƙasa da ƙarancin ruwa a gonar gyaɗa, riɗi da waken suya

Sau da yawa manomi yakan ga gyaɗarsa ta yi yaushi bayan kwana huɗu ko biyar babu ruwan sama, sai ya ɗora wa fari laifi, alhali gonar maƙwabcinsa da suka shuka rana ɗaya tana nan shar. Galibi abin da ya raba gonakin biyu yana ƙarƙashin ƙasa. Idan ƙasa ta danƙare, ƙofofin da ruwa da iska suke bi sun toshe, saiwa ba ta iya nutsawa, saboda haka shuka takan rayu ne da ɗan danshin da ke sama kawai. Matsalolin biyu kuma suna ƙarfafa juna, domin ƙasa tana ƙara tauri yayin da take bushewa, taurin nan kuma shi ne yake hana ruwan da zai zo daga baya shiga.

Lissafin a fili yake. Ƙasar jigawa, irin wadda ake noman gyaɗa a cikinta a Kano da Katsina da Maraɗi, ruwan da take riƙewa wanda shuka za ta iya sha bai cika wuce milimita 60 zuwa 80 a zurfin mita ɗaya ba, gyaɗa kuwa a lokacin da take zuba 'ya'ya takan sha kimanin milimita 5 zuwa 6 a kowace rana. Shukar da saiwarta ta tsaya a santimita 20 ajiyarta ta kwana biyu zuwa uku ce, wadda ta kai santimita 60 kuwa tana iya jure kimanin mako guda.

Mataki na farko: a tona a gani

Kada a kashe ko kwabo kafin a san inda taurin yake da kuma zurfinsa. Kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa mai ƙarfi, a ɗauki rodi mai kaurin yatsa wanda aka fiƙe bakinsa, a riƙa danna shi a hankali a wurare daban-daban na gonar. Inda ya nutse da sauƙi sannan ya tsaya cak, a sa alama a auna zurfin. Dole ne a yi wannan gwaji da danshi, domin busasshiyar ƙasa kowace iri ce za ta ƙi karɓar rodi. A gwada kuma a gindin shinge ko ƙarƙashin gawo, inda tarakta ba ta bi, domin a samu abin kwatantawa.

Bayan haka a haƙa rami mai zurfin kamu biyu kusa da shuka, a duba saiwar. Lafiyayyar gyaɗa tana da uwar saiwa da ta miƙe ƙasa sak. Idan aka tarar ta lanƙwashe ta koma gefe, ko ta yi kauri ta gajarta, to ta ci karo da dandamali mai tauri, wanda yawanci yakan kasance tsakanin santimita 15 zuwa 25, wato daidai inda bakin garma ko faifan haro yake tsayawa kowace shekara. A fasa ƙananan ƙulolin da ke jikin saiwar gyaɗa ko waken suya a duba cikinsu. Masu aiki cikinsu jaja-jaja ne, kuma su ne suke samar wa shuka sinadarin naitirojin daga iska. A ƙasar da iska ba ta shiga, ƙulolin sukan yi kaɗan, ganye ya yi ɗorawa-ɗorawa ko da an zuba taki.

Akwai kuma taurin da ke bisa fuskar ƙasa, wato ɓawon da ruwan sama mai ƙarfi yake bari idan rana ta buga. Wannan ya fi cutar da riɗi, saboda ƙwayarsa ƙarama ce kuma tsironta ba shi da ƙarfin fasa ɓawo, sannan waken suya yakan karye a wuya yana ƙoƙarin fitowa. Magani ya bambanta gwargwadon wanda aka samu, shi ya sa tonon nan ya zama wajibi.

Mataki na biyu: a daina abin da ke jawo taurin

Babban mai danƙare gona shi ne nauyi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na san halin da ake ciki a farkon damina, tarakta ɗaya ce ga manoma da yawa, kowa yana tsoron kada layi ya wuce shi, amma shigar da ita gona da safiyar da aka kwana ana ruwa hasara ce da za a daɗe ana biya. Kafin a ba direba izini, a ɗebo ƙasa daga zurfin da garma za ta kai, a mulmula ta a tafin hannu. Idan ta miƙe kamar igiya tana sheƙi, a dakata. Idan ta warwatse, a shiga. Bin farko na taya shi ne yake yin mafi yawan ɓarna, don haka ya fi kyau tarakta da amalanke da motar kwasar amfani su riƙa bin hanya ɗaya a kowane lokaci maimakon su ratsa ko'ina.

Yawan yin haro ma illa ne. Ƙasar da aka niƙe ta zama gari tana da kyaun gani a ranar shuka, amma ita ce take saurin yin ɓawo da zarar ruwa ya sauka a kanta. Haka kuma kada a bar garken shanu ya kwana a gonar laka ko fadama tana jiƙe, ko da yake kwanansu a gona da rani alheri ne saboda kashinsu.

Mataki na uku: a fasa dandamalin

Idan taurin yana can ƙasa, a fasa shi lokacin da ƙasa ta fi kusa da bushewa, domin a lokacin ne take tsagewa, jiƙaƙƙiya kuwa shafewa kawai take yi. Wanda yake da halin samun garma mai dogon haƙori ya sa a nutsa ta ta wuce dandamalin da ɗan yatsa biyu ko uku, ba sai an juye ƙasar ba. Mai garmar shanu yana iya cire fiffiken ya tsaga layin shuka kaɗai, ya kuma riƙa sauya zurfin huɗa daga shekara zuwa shekara. A kan fako, inda ko ciyawa ba ta fitowa, dabarar da manoman yankin Tawa a Nijar suka shahara da ita tana aiki: ana haƙa ƙananan ramuka da rani, waɗanda suke kira tassa, a zuba taki a ciki, ruwa ya taru ya nutse. An fi shuka gero ko dawa a cikinsu, sai bayan ƙasar ta farfaɗo a kawo gyaɗa.

Fasawa da ƙarfe ba ta ɗorewa idan ƙasar ba ta da ruɓaɓɓen ganye da taki a cikinta, kuma a ganina nan ne aka fi yin sakaci. Muna kwashe harawa mu sayar, mu kwashe kara mu yi danni da makamashi, abin da ya rage mu cinna masa wuta wajen sharar gona, sannan mu yi mamakin yadda ƙasa take mutuwa. Harawa kuɗi ce, ba wanda zai ce a bar ta, amma lallai kashin dabbobin da suka ci ta ya koma gonar. A daina ƙona tarkacen gona, a shimfiɗa kara a wuraren da suka fi tauri. Gara za ta ci karan, kuma ramukan da take haƙawa su ne za su zama hanyar ruwa. Abin lura shi ne gara tana huda kwanson gyaɗa idan ƙasa ta bushe, saboda haka a yi wannan shimfiɗa a shekarar da za a shuka hatsi. Juya shuka tsakanin dawa ko gero da gyaɗa yana taimakawa ƙwarai, domin saiwoyin hatsi idan sun ruɓe suna barin kafofin da saiwar gyaɗa za ta bi.

Mataki na huɗu: a tsare ruwan da ya sauka

A yi kunya a gicciye da gangaren gona, tazarar kimanin santimita 75. A yankunan da ruwa bai wadata ba, a datse kwarin kunya da ƙananan maɗatsai a kowane taku biyu ko uku, waɗanda tsayinsu bai kai na kunyar ba, domin ruwa ya tsaya ya nutse maimakon ya gudu da taki. Idan an shiga marka a ƙasar laka a buɗe su, musamman a gonar riɗi, wanda kwanciyar ruwa ta ɗan lokaci take iya kashe shi.

Zaɓen iri yana cikin tsare ruwa. Gyaɗa tana bukatar milimita 500 zuwa 700 a tsawon rayuwarta, kuma a arewacin Kano da Katsina damina ba kullum take kaiwa ba. Irin SAMNUT 24, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar, yana nuna a cikin kwana 80 zuwa 90, don haka yakan riga ɗaukewar ruwa. A shuka da zarar damina ta kankama, a zurfin santimita 5.

Mataki na biyar: a kula da lokacin da gyaɗa take soka ƙasa

Gyaɗa tana fure a sama ta haihu a ƙasa. Takan fara fure wajen kwana 30 bayan shuka, sannan wani ɗan tsinke ya fito daga gindin furen ya sunkuya ya soki ƙasa, kuma a bakinsa ne kwanso yake fitowa. Idan fuskar ƙasa ta yi tauri ko ta bushe ƙamas a wannan lokaci, tsinken yakan bushe bai shiga ba, kuma kowane ɗaya da ya bushe kwanso ɗaya ne aka rasa. Saboda haka a gama noma da maimai kafin wannan lokaci, a sassauta ƙasar gindin shuka, daga nan a ajiye fartanya a riƙa cire ciyawa da hannu.

Kwanso yana shan sinadarin kalsiyam ne kai tsaye daga ƙasar da ke kewaye da shi, kuma sai da danshi yake samu. Shi ya sa bayan fari akan tarar da kwanso manya amma babu ƙwaya a ciki. Takin zamani na SSP, wato takin supa, da ake sawa wajen shuka yana ɗauke da kalsiyam, manomin da kuma ya samu jifsam, wato wani farin garin ma'adini mai kalsiyam, ya barbaɗa shi a farkon fure. Mai rijiyar burtsatse ko injin ban ruwa, idan ruwansa kaɗan ne, ya adana shi domin wannan lokaci da na cikar ƙwaya. Gyaɗa tana jure ƙishi tana ƙarama, amma ƙishin lokacin cika yana tsumburar da ƙwaya ya rage man da za a tatsa. Haka abin yake ga waken suya da riɗi daga fure zuwa cikar 'ya'ya.

Mataki na shida: cira

Farin ƙarshen damina tare da zafin ƙasa yana buɗe ƙofa ga fumfunar da ke haifar da gubar aflatoksin, wadda take illa ga hanta kuma take sa a ƙi sayen gyaɗa a kasuwannin waje. Da zarar an fasa kwanso an ga cikin mafi yawansu ya yi duhu, a cire, kada a jira ƙasa ta ƙeƙashe, domin a lokacin gyaɗa mai yawa za ta tsinke ta zauna a ƙasa. A kife ta kwanso yana kallon sama har ta bushe sosai, a ware waɗanda suka fashe da waɗanda gara ta huda kafin a zuba a buhu.