Yadda ake kai iyali Tafkin Tison na Kamaru daga karkarar Jigawa

Tafkin Tison yana kudu kaɗan da garin Ngaundere a ƙasar Kamaru. Ramin bakin wani tsohon dutse mai aman wuta ne, wutar ta mutu tun da daɗewa, ruwa ya cika shi. Mutumin Birnin Kudu ko Gwaram zai iya kai iyalinsa can a motar gida, amma kada wani ya ruɗe ka ya ce tafiyar Asabar da Lahadi ce kawai. Zuwan kaɗai sai an kwana a hanya. Nemi ƙarshen makon da ya haɗu da hutun makaranta.

Fara da zaɓen lokaci. Bayan kaka ya fi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu: hatsi ya shiga rumbu, damina ta ɗauke a can ma. Ka samu ƙani ko maƙwabcin da zai riƙa ba dabbobi harawa da ruwa kafin ka dawo.

Sai takardu, kuma a nan ne mutanenmu suka fi tuntuɓe. Mun saba da tsallakawa Nijar ta Maigatari, sai mu ɗauka ko'ina haka ne. Kamaru ba ta cikin ECOWAS. Kowa, har jinjirin da ke goye, a yi masa fasfo, a kuma tanadi katin rigakafin shawara. Inshorar mota ta ECOWAS ba ta aiki a can, sai ka yanki tasu, ka kuma karɓi takardar shiga da mota a hannun kwastan a bakin iyaka. Jandarmomi za su tambaye ta. Kuɗi ma haka: sefar Nijar da ke aljihunka daban ce da sefar Kamaru, duk da sunan ɗaya ne. Ka yi canji a Yola.

A kai mota gun bakanike ya duba birki da taya, domin akwai hawa mai lanƙwasa kafin a shiga Ngaundere. Uwargida ta haɗa guzuri wanda ba ya lalacewa, dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin rogo da sukari, da jarkar ruwa. Rigunan sanyi kuma dole ne. Garin yana kan tudun Adamawa, tsayinsa ya haura mita 1,000, yaron da ya tashi a zafin Jigawa zai ji a jikinsa da asuba.

Hanya ita ce Gombe, Numan, Yola, a kwana nan. Da an idar da sallar asuba a kama hanyar Garwa da ke cikin Kamaru, daga nan a miƙe kudu zuwa Ngaundere. Ban yarda da tuƙin dare da iyali a wannan hanya ba, ko da direba ya ce ya san ta. Harshe ba zai dame ka ba sosai, Fulatanci ne ya mamaye kasuwa, masu jin Hausa ma suna nan.

A bakin tafkin, a riƙe hannun yara. Irin wannan ruwa ba kamar kududdufin bayan gari ba ne da ake shiga sannu a hankali. Gefensa gangare ne, zurfin kan zo farat ɗaya. A shimfiɗa tabarma daga sama, a ci abinci, a yi kallo.

Wani dattijo a gida zai iya tuno labarin Tafkin Nyos, wanda iskar da ta fito daga cikinsa a watan Agustan 1986 ta hallaka mutum sama da 1,700 da dabbobi dubbai. Ka kwantar masa da hankali: Nyos yana yankin Arewa maso Yamma na Kamaru, nesa da Tison, inda ake fama da rikici, ba can za ku ba.

Idan lokaci ya rage, ku leƙa fadar Lamiɗo a cikin garin Ngaundere kafin ku juyo, a kuma cika tanki tun da yamma don a tashi da sassafe.