Yadda za ki tafi da 'yan aji ɗaya ba tare da bulala ba

Duk malamar da aka taɓa ba aji ɗaya ta san makon farko sai haƙuri. Yara 'yan shekara 6, wasu ma ba su kai ba, wannan na kuka yana kiran Umma wancan ya rungume jaka ya ƙi zama, ga aji cike maƙil benci bai isa ba sai an haɗa da tabarma. Ni a Daura nake koyarwa, kuma abin da nake yi kullum shi zan faɗa miki 'yar'uwa.

Abu na farko, kar ki riƙe su a kan abu ɗaya fiye da minti goma. Wallahi ba taurin kai ba ne, jikinsu ne bai iya zama. Da kin ga an fara tsunguli da jan hijabi to a miƙe, a yi tafi, a ɗan yi waƙa, a dawo.

Karatu kuwa da Hausa za ki fara, harshen da suka zo da shi daga gida. A fara da wasula biyar, a e i o u, in sun zauna sai ki ɗauko baƙi guda ki haɗa, ba be bi bo bu, amma don Allah kar ki tsaya a haddar nan ta baki kawai, yaro zai rera miki ita tsaf alhali in kin nuna masa bi ita kaɗai bai gane ta ba. Ki fita da su gindin darbejiya kowa ya share gabansa ya rubuta da yatsa a ƙasa, wanda ya ɓata ya goge da tafin hannu ya sake, babu asarar fensir babu tsoro. A nan ne za ki lura da yawansu daga dama suke farawa saboda sun saba da allo a makarantar allo. Wannan ba laifi ba ne, kar ki tsawata, ki aje ɗan dutse a gefen hagu ki ce boko daga wajen dutsen nan yake tashi. Haruffa masu lanƙwasa kuma da wasa nake koyar da su, in na ce baki kowa ya taɓa bakinsa, in na ce baƙi kowa ya nuna baƙin allo, ina yi ina ƙara sauri suna dariya, daga nan sai in rubuta k da ƙ su ga inda ƙugiyar take.

Lissafi ba ya son kuɗi. Ki ce kowa ya zo da ƙwallon dabino ko murfin kwalba guda goma, ki tara a gwangwani. Uku a nan biyu a can, a haɗa a ƙirga. Sai dai ki sa ido sosai, akwai masu kaiwa baki ko hanci. 'Yar gala-gala ma ina zana ta da lambobi 1 zuwa 10, duk gidan da ka dira sai ka faɗi sunansa. Ranar Alhamis mukan ci kasuwa da kuɗin takarda, naira 5, naira 10, naira 20.

Bayan an dawo daga tara rana ta yi, barci ya fara ɗibar su, to lokacin tatsuniya ke nan. Da kin ce ga ta nan ga ta nanku za ki ji ajin ya amsa ta zo mu ji ta. Gizo da Ƙoƙi, ko labarin Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, wasunsu ma sun taɓa zuwa wajen rijiyar. Ki tsaya a tsakiya ki tambaye su me suke ganin zai faru, kuma ki nemi yarinyar nan ta can lungu da ba ta taɓa ɗaga hannu ba, ki matsa kusa da ita ki durƙusa ta faɗa miki a kunne, ke kuma ki faɗa wa aji da sunanta a tafa mata.