Kurakuran da Masu Jarrabawar Aikin Gwamnati Suka Fi Yi a Kalmomin Siyasa da Mulki

Mai tsara tambayoyin wannan jarrabawa ba kasafai yake neman ma'anar kalma zalla ba. Yakan jera amsoshi huɗu, biyu daga cikinsu sun yi kama kamar an tsaga kara, wanda kuma ya dogara da hadda sai ya ga duka biyun daidai ne. Maganin wannan shi ne a riƙa yi wa kowace kalma tambaya uku: wa ke riƙe da iko, daga ina ya samo shi, kuma wa zai iya karɓe shi daga hannunsa.

Kuskuren farko shi ne haɗa ƙasa da gwamnati. Yarjejeniyar Montebidiyo ta 1933 ta kawo sharuɗɗa huɗu na zama ƙasa: jama'a mazauna, yanki mai iyaka, gwamnati, da ikon hulɗa da sauran ƙasashe. Ke nan gwamnati ɗaya ce daga cikin huɗun. Juyin mulki gwamnati yake kifarwa, ƙasa tana nan, shi ya sa sabuwar gwamnati ke gadar bashin wadda ta shuɗe.

Daga nan sai shugaban ƙasa da shugaban gwamnati. A tsarin shugaba mai cikakken iko, irin na Amurka da na Najeriya tun 1979, mutum ɗaya ne ke riƙe da muƙaman biyu. A tsarin firaminista a rabe suke. Sarki Charles na Uku shi ne shugaban ƙasar Birtaniya, firaminista ke jan gwamnati. Jamus da Indiya na da shugaban ƙasa, amma ragamar mulki tana hannun shugaban gwamnati, wanda ake kira Chancellor a Jamus, firaminista a Indiya. Tambayar da ke kayar da mutane ita ce ta Najeriya bayan 'yanci: daga 1960 zuwa 1963 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ce shugabar ƙasa, Nnamdi Azikiwe bai zama shugaban ƙasa ba sai 1963, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa shi ne shugaban gwamnati har Janairun 1966. Faransa ta gauraya tsarin biyu tun 1958, kada a saka ta a ɗayansu kai tsaye.

Wurin da ya fi cin maki shi ne tsarin tarayya. Da yawa suna ɗauka duk ƙasar da ke da jihohi ko larduna tarayya ce. Ba yawan jihohi ake dubawa ba, asalin ikonsu ake dubawa. A tarayya, kundin tsarin mulki ne ya raba iko tsakanin gwamnatin tsakiya da jihohi, don haka tsakiya ba ta iya soke ikon jiha da dokar majalisa kawai. A tsarin dunƙulalliyar gwamnati, tsakiya ce ke bai wa yankuna aron iko. Sukotilan, wani yanki na Birtaniya, ta samu majalisarta da dokar 1998, amma majalisar Landan ce ta ba ta, saboda haka Birtaniya ba tarayya ba ce. Sai na uku, ƙawancen ƙasashe, inda kowace ƙasa ke riƙe da cikakken 'yancinta, tsakiya kuma ba ta da ƙarfin tilasta wa kowa. Amurka ta gwada shi daga 1781 zuwa 1789, Senegal da Gambiya suka gwada daga 1982 zuwa 1989. A yi hattara da Suwizalan: sunanta na hukuma yana cewa ƙawance, amma tarayya ce tun 1848, kuma masu tsara tambaya suna son wannan tarkon. A Najeriya a tuna da jerin iko uku: wanda ya keɓanta ga tarayya, kamar tsaro da kuɗin ƙasa, na haɗin gwiwa, kamar ilimin jami'a, da ragowar da aka bar wa jihohi. Idan dokar jiha ta ci karo da ta tarayya a jerin haɗin gwiwa, ta tarayya ce ke tsayawa.

Tsigewa ma ana yi mata gurguwar fahimta, a ɗauka da zarar majalisa ta kaɗa ƙuri'a shugaba ya tafi. A Amurka matakai biyu ne. Majalisar wakilai ke tuhuma da ƙaramin rinjaye, wato ƙuri'un da suka wuce rabi, majalisar dattawa ke shari'a, kuma sai da kashi biyu bisa uku ake sauke shi. An tuhumi Andrew Johnson a 1868, Bill Clinton a 1998, Donald Trump a 2019 da 2021, ba wanda aka sauke. Richard Nixon murabus ya yi a 1974 kafin a kai ga ƙuri'ar. Wadda aka sauke ɗin ita ce Dilma Rousseff ta Barazil a 2016. Kiranye daban ne: masu zaɓe ne ke dawo da ɗan majalisarsu gida. Ƙuri'ar yanke ƙauna kuwa ta tsarin firaminista ce, ba ta buƙatar a tabbatar da wani laifi.

Lissafin rinjaye na buƙatar biro da takarda. Samun ƙuri'a fiye da kowa daban, wuce rabi daban. Ɗan takara mai kashi 40 cikin 100 zai ci kujerar majalisa a Birtaniya idan ya ɗara sauran, amma a zaɓen shugaban Faransa sai an je zagaye na biyu. Najeriya ta ƙara sharaɗi: mafi yawan ƙuri'u, da kashi ɗaya bisa huɗu a kashi biyu bisa uku na jihohi. Idan aka ce kashi biyu bisa uku na dukan 'yan majalisa, 240 ne daga wakilai 360, da 73 daga sanatoci 109. Ba a cewa 72, domin bai kai ba.

A Najeriya, ƙudiri ba doka ba ne sai an sa masa hannu, ko majalisa ta tsallake ƙin amincewar shugaba da kashi biyu bisa uku. Shugaban Najeriya na da kwana 30 don sa hannu ko ƙin amincewa, na Amurka kwana 10 ban da Lahadi. Haka kuma tsarin mulkin Birtaniya da ake cewa ba rubutacce ba ne, ba a tattara shi a kundi ɗaya ba ne kawai. Akwai dokokinsa a rubuce, har da na 1215 da 1689.

Abin mamaki, wasu kan faɗi a tambayar da ta shafi aikin da suke nema. Minista ɗan siyasa ne, yana tafiya da gwamnatinsa, shi ke ɗaukar yabo da zargi a bainar jama'a. Babban sakatare ma'aikaci ne, shi ake tambaya kan kuɗin ma'aikatar. Ɗorewa, rashin ɗaukar ɓangare da rashin bayyana suna siffofin babban sakatare ne, kada a jingina su ga minista. Ɗaukar aiki ta hanyar jarrabawa kuwa ya samo tushe a Birtaniya daga rahoton Northcote da Trevelyan na 1854, a Amurka kuma daga dokar Pendleton ta 1883.