Yadda Ake Rufe Manhajar da Ta Maƙale a Windows

A wasu shagunan buga takardu, da zarar manhaja ta maƙale sai a danne maɓallin kashe kwamfuta, alhali hakan kan salwantar da duk aikin da ba a adana ba.

Maimakon haka, da farko a danna Ctrl da Shift da Esc a lokaci guda, domin buɗe Task Manager, wato wurin da ke nuna manhajojin da ke aiki a kwamfutar. A shafin Processes sai a nemo manhajar, wadda galibi akan ga an rubuta Not responding (wato ba ta amsawa) a gefen sunanta. A zaɓe ta, sannan a danna End task. Ita kaɗai za ta rufe, sauran kuma su tsira. Kada a taɓa abubuwan da aka jera a ƙarƙashin taken Windows processes, domin rufe wasunsu kan kashe kwamfutar baki ɗaya.