Yadda ake haɗa kan metronom a aji, da inda kamarsa da zarra masu sanyi ta tsaya

Malaman fiziks a Kano za su iya wannan gwaji a kan teburi. Ana bukatar metronom uku irin na sifirin, wato na'urar da makaɗa ke ƙidayar bugu da ita (na cikin waya ba ya aiki, don ba shi da sandar da ke lilo), a duba wajen masu kayan kiɗa a Sabon Gari. Sai falle na filawud marar nauyi, tsawon santimita 60, faɗin 20, wanda 'yan katako na Na'ibawa za su yanka muku, da gwangwanin lemo biyu da babu komai ciki.

Ku murɗa sifirin kowane metronom ya cika, ku sa su duka a bugu 184 a minti, ku jera su a kan katakon. Da farko ku ɗora katakon kai tsaye a teburi: kowa zai yi ta kaɗawarsa. Yanzu ku kwantar da gwangwanayen, ku ɗora katakon a kai yadda zai riƙa gangarawa ta fuskar da sandunan ke lilo. Cikin minti ɗaya ko biyu sautin zai zama ɗaya. Kowace sanda tana tura katakon, shi kuma yana mayar wa sauran, mai gaggawa ya ɗan jinkirta, mai nawa ya ƙara sauri. Christiaan Huygens ya ga irin haka a 1665 da agogon bango biyu, sai dai nasa sun daidaita ne suna saɓa wa juna.

In ya ƙi, yawanci gwangwani ne ya lotse, ko teburin ya karkata, ko ƙurar hunturu ta hana gangarawa. A kashe fanka. Sannan ku riƙa ɗora littattafai a kan katakon ɗaya bayan ɗaya, har ku kai inda haɗin kan zai watse. Wannan iyakar ita ce zuciyar darasin, kuma ita Yoshiki Kuramoto ya yi wa lissafi a 1975.

Zarra, wato atom, su ma suna da irin wannan iyaka. A 1995 Eric Cornell da Carl Wieman, a Kolorado ta Amurka, sun sanyaya zarran ƙarfen rubidiyam kusan 2,000 zuwa nanokelbin 170, wato dab da sanyin da babu wanda ya fi shi, sai suka faɗa yanayi guda na kwantum (fiziks ɗin ƙananan abubuwa irin zarra), abin da ake kira dunƙulen Bose da Einstein. Nan ma babu wanda ya ba da umarni, taron ne ya tsayar da takun bai ɗaya.

Amma don Allah kada a ce wa ɗalibai abu ɗaya ne. Metronom sai da sifirin mai ba shi ƙarfi da katakon da ke kai saƙo. In sifirin ya saki, komai ya tsaya. Dunƙulen kuwa, a lissafin Einstein, yana samuwa ko da zarran ba sa tura juna. Kowace zarra tana da hali irin na igiyar ruwa, sanyi ne kuma ke faɗaɗa igiyar kowacce har ta shiga ta maƙwabciyarta, kuma ba a iya bambance wannan da waccan. Ku manna wa metronom ɗaya jar takarda: ko sun haɗa kai, ɗalibi zai nuna shi da yatsa. Zarrar da ke cikin dunƙule ba ta da inda za a manna mata alama.